Al'ummar Dom: Asalinsu da Matsayinsu na Wararru a Tarihin Ƙasar Indiya

1.0 GABATARWA

Manufar wannan takarda ita ce ta yi nazari a kan wata al'umma da ake kira Dom, ko Doma, ko Domba, wadda ake samu a arewaci da gabashin Indiya, da kudancin Nefal, da Bangaladash, da wasu sassan Fakistan. Su dai waɗannan mutane an san su da kiɗa da waƙa, da saƙar kwanduna, da sharar gari, da kuma ƙona gawa, kuma tun fiye da shekara 1,000 ake lasafta su cikin mafiya ƙasƙancin matsayi a zaman jama'ar ƙasar Hindu. Tambayoyi uku takardar za ta fuskanta. Na farko, daga ina suka fito? Na biyu, ta wace hanya aka ware su daga sauran jama'a? Na uku, mece ce dangantakarsu da wasu al'ummu masu kusan irin sunansu da ke zaune a ƙasashen Larabawa da Turai?

Ra'ayin da za mu kare shi ne, Dom suna ne da aka laƙaba wa jama'a daban-daban masu wasu sana'o'i, kuma ƙasƙancin da suke ciki abu ne wanda tarihi ya gina sannu a hankali, ta hanyar hukunce-hukuncen tsarki, da hana su mallakar ƙasa, da hana auratayya, daga baya kuma da dokokin Turawan mulki. Wannan batu yana da nauyi, domin wanda ya yarda cewa ƙasƙanci a jini yake ba zai ga dalilin kawar da shi ba.

2.0 TSARIN RUKUNAI

Kafin mu shiga tarihi ya kamata mu daidaita wasu kalmomi. Tsofaffin littattafan addinin Hindu sun kasa jama'a gida huɗu, ana kiran kowane gida varna. Akwai Brahmana, watau malamai da limamai. Da Kshatriya, watau sarakuna da mayaƙa. Da Vaishya, watau fatake da manoma. Da kuma Shudra, watau barori masu hidima. To amma a zaman yau da kullum abin da ya fi aiki shi ne jati, watau ƙaramin rukuni wanda ake haifar mutum a ciki, ya yi aure a ciki, ya gaji sana'arsa, ya kuma mutu a ciki. Irin waɗannan rukunai sun kai dubbai. A ƙarƙashin gidajen nan huɗu kuwa akwai waɗanda ba a ba su gida ko ɗaya ba, waɗanda ake ɗauka cewa taɓa jikinsu, ko cin abincinsu, ko shan ruwa daga hannunsu yana ɓata tsarki. Su ne za mu riƙa kira wararru a cikin wannan takarda, kuma Dom suna cikinsu.

Bahaushe ya san bambanci tsakanin karda, watau sana'ar da aka gada, da shigege, watau wadda mutum ya shiga da kansa, kamar yadda M. G. Smith ya bayyana a nazarinsa na shekarar 1959 a kan matsayi a ƙasar Hausa. Wannan zai taimaka wajen fahimtar jati, amma sai an yi hattara. A tsarin jati na asali babu ƙofar shigege ko kaɗan, sa'an nan kuma an ɗaura shi a kan aƙidar najasa ta gado wadda wanka ba ya gusar da ita.

3.0 SUNAN DOM A TSOFAFFIN LITTATTAFAI

Abu na farko da mai bincike zai lura da shi shi ne, sunan Dom bai zo a cikin littattafan Veda ba. Sunan da tsofaffin littattafan shari'a suka fi amfani da shi ga wararru shi ne Chandala. Littafin dokokin Manu, wanda ake jin an tsara shi tsakanin ƙarni na 2 kafin Miladiyya da ƙarni na 3 bayanta, ya hukunta cewa Chandala ya zauna a wajen gari, ya sa tufafin matattu, ya ci abinci a fasassun kwanuka, ya ɗauki gawar wanda ba shi da dangi, ya kuma zartar da hukuncin kisa in sarki ya ba da umurni. Wani malamin addinin Buda daga ƙasar Sin mai suna Faxian, wanda ya ziyarci Indiya a farkon ƙarni na 5, ya ba da labari cewa idan Chandala zai shiga birni ko kasuwa sai ya riƙa buga itace don mutane su kauce masa. Ashe ke nan gurbin wararre ya riga sunan Dom bayyana a rubuce.

Kalmar domba ta bayyana a harshen Sanskrit a ƙarni na 6, a cikin littafin Brihat Samhita na Varahamihira, daga baya kuma ta yawaita. Ma'anarta a wancan zamani ita ce mutum mai ƙasƙantaccen matsayi wanda yake ci da kiɗa da waƙa. Shaidu uku daga ƙarnonin da suka biyo baya sun cancanci mu dakata a kansu.

Shaida ta farko daga Abu Raihan al-Biruni take, wanda ya kammala littafinsa a kan ƙasar Hindu wajejen shekarar 1030. Bayan ya lissafa gidajen nan huɗu, sai ya kawo ƙungiyoyin sana'a takwas da ke zaune a wajen gari, waɗanda suka haɗa da masu wanki, da dukawa, da masunta, da mafarauta, da masaƙa. Sa'an nan ya ambaci wasu huɗu da ba a lasafta su cikin kowane rukuni ko ƙungiya ba, watau Hadi, da Doma, da Chandala, da Badhatau. Ya ce aikinsu shi ne tsabtace ƙauyuka da makamantansa, amma da ya zo kan Doma sai ya siffanta su da kaɗa molo da rera waƙa, ya kuma ajiye su a sama da masu aikin kisa. Wannan ya nuna cewa a ƙarni na 11 Dom da Chandala ba su gama narkewa suka zama abu guda ba.

Shaida ta biyu daga Kashmir take. Kalhana, wanda ya rubuta tarihin sarakunan Kashmir mai suna Rajatarangini wajejen shekarar 1150, ya kawo labarin Sarki Chakravarman na ƙarni na 10. Wani mawaƙi Domba mai suna Ranga ya zo fada tare da 'ya'yansa mata biyu, Hamsi da Nagalata, suka yi wasa a gaban sarki. Sarki ya shigar da su gidansa, ya ɗaukaka Hamsi a kan sauran matansa, ya ba ubanta kyautar ƙauye, danginta kuma suka sami faɗa a ji a fada. Kalhana, wanda shi kansa Brahmana ne, ya ba da labarin cikin takaici, yana ganin wannan shi ne iyakar lalacewar mulki. A shekarar 937 waɗansu manyan masu ƙasa suka kashe sarkin. Abin lura a nan shi ne, ƙyamar ta riga ta kafu a zukatan malamai, amma duk da haka katangar ba ta yi tsawon da sarki ba zai tsallake ta ba.

Shaida ta uku daga gabas take, daga waƙoƙin Charyapada na mabiya addinin Buda, waɗanda aka tsara tsakanin ƙarni na 8 da na 12, Haraprasad Shastri kuma ya gano kundinsu a ɗakin littattafan fadar Nefal a shekarar 1907. A cikinsu macen Dom, wadda bukkarta take wajen gari, ta zama alamar hikimar da ta fi ƙarfin dokokin tsarki. Har ila yau, a cikin waliyyai 84 na wannan ɗariƙa akwai wanda ake kira Dombipa, wanda labari ya ce sarki ne da ya bar gadon sarauta ya zauna da wata 'yar makaɗa. Ga shi nan dai, al'ummar da shari'a ta ƙasƙanta, masu tawaye ga shari'ar sun ɗaukaka ta.

4.0 RA'AYOYI A KAN ASALI

4.1 Abin da su Dom ke faɗi

Kamar sauran wararrun Indiya, Dom suna da labaran da ke bayyana faɗuwarsu. H. H. Risley ya rubuta ɗaya a littafinsa na shekarar 1891 a kan ƙabilu da rukunan Bangal. An ce Shiva da matarsa Parvati sun kira dukan rukunai walima, sai kakan Dom, mai suna Supat Bhakat, ya makara, yunwa kuma ta sa ya tattara ragowar abincin da wasu suka bari ya ci, saboda haka aka hukunta wa zuriyarsa cin saura har abada. Ba za a ɗauki wannan labari a matsayin tarihi ba, amma yana da amfani, domin ya nuna cewa su kansu ba su yarda an halicce su ƙasƙantattu ba. A ganinsu da can daidai suke da kowa, wani tsautsayi ne ya faɗa wa kakansu.

4.2 Ra'ayin mazauna na farko

Marubutan zamanin mulkin Ingilishi, irin su Risley da William Crooke, wanda littafinsa a kan rukunan arewacin Indiya ya fito a shekarar 1896, sun karkata ga cewa Dom ragowar mutanen da suka fara zama a ƙasar ne, waɗanda masu harshen Ariya suka ci da yaƙi suka mai da su bayi. Hujjojinsu sun haɗa da launin fata, da kuma sunayen wasu tsofaffin kufai kamar Domingarh a kusa da Gorakhpur, wanda ake cewa da can birnin sarakunan Dom ne. Masana harshe kuma sun ƙara da cewa kalmar ba ta yi kama da asalin Sanskrit ba, domin ta fara da irin baƙin nan da ake naɗe harshe wajen furta shi, wanda ba a cika samu a farkon tsofaffin kalmomin Ariya ba. Wasu suna danganta ta da harsunan Munda, suna kuma jin kwaikwayon amon ganga ce.

Wannan ra'ayi yana da rauni biyu. Na ɗaya, asalin kalma daban, asalin masu amsa ta daban. Ana iya aro suna daga wani harshe a laƙaba wa kowa. Na biyu, hanyar da Risley ya bi ta auna faɗin hanci don tantance matsayin rukuni an daɗe da yin watsi da ita. Daɗin daɗawa, Dom na tsaunukan Kumaon, da na filayen Bihar, da na Bangal, da na Fanjab sun sha bamban a kama da harshe da al'ada, ba su kuma auratayya da juna.

4.3 Ra'ayin Ambedkar

B. R. Ambedkar, wanda shi ma daga wararrun rukunin Mahar ya fito, ya kawo wani ra'ayi a littafinsa na shekarar 1948. Ya ce babu bambancin jinsi tsakanin wararru da sauran Hindu. A ganinsa wararru ragowar ƙabilun da yaƙi ya tarwatsa ne, waɗanda suka raɓu a gefen ƙauyuka suna gadi, aka kuma ƙyamace su saboda sun riƙe addinin Buda, sun ci gaba da cin naman shanu bayan da aka haramta shi. Ya ƙiyasta cewa wannan ya tabbata wajejen shekarar 400 ta Miladiyya. Masana tarihi da dama suna ganin hujjojinsa na rubuce ba su isa ba, amma shi ne ya mai da tambayar daga jini zuwa tarihi, kuma wannan babbar gudummawa ce.

4.4 Abin da binciken ƙwayoyin halitta ya ƙara

Wani bincike da Priya Moorjani da abokan aikinta suka buga a shekarar 2013, wanda ya shafi rukunai 73, ya nuna cewa kusan dukan jama'ar Indiya, manya da ƙanana, gaurayen tsatso biyu ne, kuma cuɗanyar ta gudana ne tsakanin shekara 4,200 da 1,900 da suka wuce, daga nan sai auren cikin gida ya kafu. Rukunan sama sun fi yawan kaso na tsatson arewa, wannan gaskiya ne, amma bambancin na yawa ne kurum, babu wani rukuni mai jini tsantsa. Lokacin da auratayya ta tsaya kuwa bai yi nisa da zamanin littattafan shari'ar da muka ambata ba. Saboda haka abin da ya fi dacewa da dukan shaidu shi ne, an rufe ƙofofin aure ne a kan jama'ar da ta riga ta cakuɗa, waɗanda rufewar ta tarar a kan sana'ar ganga da gawa da shara suka zama Dom.

5.0 SANA'A DA MATSAYI

Idan aka duba yankuna ɗaya bayan ɗaya za a ga sunan guda ne, amma matsayin yana hawa yana sauka. A Bangal waƙoƙin Dharmamangal sun ba da labarin Kalu Dom, jarumin da ya ja rundunar Sarki Lausen, kuma har yau akwai limamai daga cikin Dom da ke hidimar wuraren bautar Dharma Thakur. A tsaunukan Kumaon da Garhwal sunan ya game dukan masu sana'ar hannu, maƙera da magina da masassaƙa da makaɗa. A Fanjab akwai Dum ko Mirasi, waɗanda galibinsu Musulmi ne, masu kiɗa da riƙe salsalar gidaje. Daga cikinsu ne Mardana ya fito, makaɗin da ya yi ta yawo tare da Guru Nanak, wanda ya kafa addinin Sikh. Shigarsu Musulunci ta kawar da hukuncin najasa a shari'ance, amma raini bai bar su ba. A Bihar da gabashin Uttar Pradesh kuwa akwai Bansphor masu aikin gora, da Magahiya waɗanda sunansu ya fito daga tsohuwar daular Magadha.

Babu inda wannan al'amari ya fi fitowa fili kamar birnin Banaras. Hindu sun yi imani cewa wanda ya mutu aka ƙona shi a wannan birni ya tsira daga maimaita haihuwa. A bakin kogin Ganga akwai matattarar ƙona gawa biyu, Manikarnika da Harishchandra, dukansu kuma a hannun Dom suke. Su ne ke riƙe da wutar da ake cewa ba ta taɓa mutuwa ba, kuma babban ɗan mamaci, ko da Brahmana ne, dole ya karɓi wuta daga wurinsu ya biya lada kafin ya cinna wa itacen. Su ne ke kula da gawa har ta cinye, su kuma tace toka a ruwa don neman ɗan zinariyar da aka bari a jikin mamaci. Shugabansu ana kiransa Dom Raja, watau sarkin Dom. Suna kafa hujjar wannan haƙƙi da labarin Sarki Harishchandra, wanda ya ba da mulkinsa don cika alkawari, ya sayar da matarsa da ɗansa, daga ƙarshe ya sayar da kansa ga mai kula da maƙona, wanda Dom na Banaras ke cewa kakansu ne Kallu. Wannan labari ne aka yi fim ɗin Indiya na farko mai tsawo a kansa a shekarar 1913.

Jonathan Parry, a littafinsa na shekarar 1994 a kan mutuwa a Banaras, ya yi bayanin yadda ake raba kwanakin aiki a matattarar tamkar dukiyar gado. To, a nan ne asirin tsarin yake. Tsarkin babba ba ya tabbata sai an sami wanda zai ɗauke masa ƙazanta, shi kuwa wanda ya ɗauke ta sai a ce ya ƙazantu. Ana bukatarsa ana kuma gudunsa, buƙatar da gudun duka daga tushe guda suka fito. Abin da ya ɗaure igiyar kuwa shi ne rashin gona, domin wanda ba shi da ƙasar noma ba shi da ikon ƙin aikin da aka ɗora masa.

6.0 RESHEN DA YA YI ƘAURA

A ƙasashen Falasɗinu, da Jodan, da Siriya, da Labanan, da Iraƙi, da Turkiyya akwai jama'a da ke kiran kansu Dom, harshensu kuma Domari, ko da yake maƙwabta suna kiransu Nawar ko Kurbat, sunayen da ke ɗauke da raini. A Masar da Sudan ana danganta Halab da Gajar da su. A Armeniya akwai Lom, a Turai kuma akwai Rom. Tun a shekarar 1782 Johann Rüdiger ya nuna cewa harshen Rom daga Indiya yake, a shekarar 1841 kuma Hermann Brockhaus ya kawo shawarar cewa Rom da Dom kalma ɗaya ce. Hujjar tana da ƙarfi, domin rom a harshensu na nufin namiji ko miji, romni kuma mace, daidai da dom da domni na Indiya. Kalmomin yau da kullum kamar pani, watau ruwa, da kan, watau kunne, duk suna nan a Domari da Romani da Hindi.

Game da lokacin fitarsu, marubutan Farisa sun kawo labarin Sarki Bahram Gur, wanda ya yi mulki daga 420 zuwa 438, cewa ya roƙi wani sarkin Indiya ya aiko masa da makaɗa don talakawansa. Hamza al-Isfahani a ƙarni na 10 ya ce 12,000 ne, ya kira su Zuɗɗ; Firdausi a cikin Shahnama ya ce 10,000 ne, ya kira su Luri. An rubuta labarin ne shekara 500 bayan zamanin sarkin, saboda haka iyakar abin da yake tabbatarwa shi ne, a ƙarni na 10 an san makaɗa 'yan asalin Indiya a Farisa. John Sampson a shekarar 1923 ya ce ƙaura ɗaya ce ta rabu uku, amma binciken Yaron Matras, wanda nahawunsa na Domari ya fito a shekarar 2012, ya nuna cewa Domari da Romani harsuna biyu ne tun daga Indiya. Romani ya ari kalmomi daga Farisanci da Armeniyanci da Girkanci, kusan babu Larabci a cikinsa, shi kuwa Domari ya ara daga Kurdanci, Larabci kuma ya shige shi ƙwarai. Haka nan a kwarin Hunza na arewacin Fakistan akwai wasu 'yan ɗaruruwan maƙera da makaɗa masu harshen Domaki. Wannan ya ƙarfafa ra'ayinmu: ƙungiyoyi daban-daban ne masu sunan sana'a guda suka fita a lokuta daban-daban. Abin baƙin ciki, wariya ta tarye su ko'ina suka sauka. An bautar da Rom a yankunan da suka zama Romaniya har zuwa 1856, 'yan Nazi suka hallaka dubban ɗaruruwansu a Yaƙin Duniya na Biyu, yaƙin Siriya da ya fara a 2011 kuma ya tarwatsa Dom na can.

7.0 ZAMANIN MULKIN INGILISHI

Turawa ba su ne suka ƙago wariya ba, amma sun ƙara mata ƙarfin hukuma. A shekarar 1871 suka kafa dokar ƙabilu masu laifi, wadda ta ba gwamnati ikon ayyana al'umma sukutum a matsayin ɓarayin gado. Magahiya Dom suna cikin waɗanda aka sa a wannan jeri. Aka rubuta sunayensu, aka wajabta musu kai kansu wurin 'yan sanda, aka hana su barin gari sai da takardar izini. A shekarar 1908 aka miƙa Dom na Gorakhpur ga ƙungiyar mishan ta Salvation Army, ƙarƙashin Frederick Booth-Tucker, don a tsugunar da su a sansani. Ta haka najasar gado ta sami abokiya, watau laifin gado. A ƙidayar 1901 kuma Risley ya jera rukunai bisa fifiko, abin da da yake sassauƙa daga yanki zuwa yanki ya zama rubutaccen hukunci. Hukumomin birane da asibitoci suka riƙa ɗaukar Dom aikin shara, da ɗakin ajiye gawa, da rataye waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa, har kalmar ta zama sunan muƙami.

Su ma ba su yi shiru ba. A watan Satumba na 1914 mujallar Saraswati ta buga waƙar koke ta Hira Dom cikin harshen Bhojpuri, wadda ake lasaftawa cikin farkon adabin wararru a yankin masu harshen Hindi. A Kumaon da Garhwal masu sana'ar hannu suka yi watsi da sunan Dom suka ɗauki Shilpkar, watau gwanayen sana'a, suka kuma yi shekaru suna gwagwarmayar neman haƙƙin ɗaukar ango da amarya a kan makarar biki kamar kowa.

8.0 BAYAN SAMUN 'YANCI

Tsarin mulkin Indiya na 1950, wanda Ambedkar ya shugabanci kwamitin tsara shi, ya soke wariyar taɓi a sashe na 17. A 1952 aka soke dokar ƙabilu masu laifi, aka yi dokar hukunta masu wariya a 1955, da ta hana cin zarafi a 1989, da ta hana kwasar bayan gida da hannu a 1993 da 2013. An kuma keɓe wa wararru kashi 15 cikin 100 na ayyukan gwamnatin tarayya. Bisa ƙidayar 2011 yawansu ya kai kashi 16.6 cikin 100 na jama'ar ƙasar, watau kimanin miliyan 201. A Nefal dokar 1854 ta Jung Bahadur Rana ta rubuta wariya a cikin shari'ar ƙasa, dokar 1963 ta soke ta, ta 2011 kuma ta mai da ita laifi.

Amma cin moriyar waɗannan dokoki bai zo daidai ba. Rukunan da suka riga samun ilimin boko su suka fi cin gajiyar guraben da aka keɓe, ƙananan rukunai irin su Dom suka rage a baya, abin da ya sa gwamnatin jihar Bihar ta ware su da wasu a shekarar 2007 a ƙarƙashin sunan Mahadalit, watau wararrun cikin wararru. A 2019 Firayim Minista Narendra Modi ya sa Dom Raja na lokacin, Jagdish Chaudhary, cikin masu sa hannu a takardar takararsa ta Banaras, bayan rasuwarsa a 2020 kuma aka ba shi lambar girma ta ƙasa. Karramawa ce babba, amma wutar maƙona har yanzu a hannun 'ya'yan Dom take, kuma auratayya da su abu ne mai wuya ƙwarai.

9.0 KAMMALAWA

Daga abin da ya gabata za mu iya fitar da abubuwa uku. Na ɗaya, neman asali guda ga Dom ba zai kai ko'ina ba, domin shaidun harshe da na tarihi da na ƙwayoyin halitta sun haɗu a kan cewa suna ne na sana'a da matsayi wanda ya lulluɓe jama'a iri-iri. Na biyu, matsayin nasu bai tsaya wuri guda ba: makaɗan fada ne a Kashmir, mayaƙa da limamai a Bangal, masu riƙe salsala a Fanjab, sai daga baya sunan ya ƙuntata ya koma kan gawa da shara. Na uku, abin da ya dawwamar da wariyar shi ne haɗuwar aƙidar najasa da rashin ƙasa da hana aure, saboda haka dokar da ta taɓa ɗaya ta bar biyu ba za ta wadatar ba. Ya rage ga masu nazarin tarihin zaman jama'a su riƙa tambaya, duk inda suka ga an raina wata sana'a ta gado, wane ne ke cin moriyar aikin, kuma tun yaushe aka fara raina mai yin sa.